Uwar Tsumulmula Ba Ta Mantuwa

Ni nake wanke Umma, ni nake juya ta don kada bayanta ya yi gyambo, ni nake canza zanen gado idan ta ɓata shi. Amma da na kawo cokali bakinta sai ta juya fuska bango, sai na yi ta lallashi kafin ta buɗe baki, kuma ko ta buɗe ba ta kallona. Ƙanina Auta kuwa, ko ƙarar takalminsa ta ji a bakin ƙofa, rabin fuskar nan da ke motsi sai ya washe. Ya shigo yana ƙamshin turare, ya tsuguna nesa da gado don kada wandonsa ya taɓa robar fitsarinta, ya ce, "Umma, ya jiki?" Shi ke nan, ya gama aikinsa na mako. Ita kuma ta miƙa hannunta mai lafiya tana shafa kansa, tana "Autana, Autana," kalmar da ciwon ma bai iya ƙwace mata ba.

A wurin Umma, ni ce na hana ta magani har ɓarin jikinta ya shanye. Haka ta yarda, kuma Auta ne ya bar ta a kan haka.

Mu biyu ne gare ta. Ni ce babba, ɗinkin labule nake yi, ina da shago mai keke biyu da dogon tebur na yanka. Auta yana aiki a wani kamfanin inshora, ofis mai sanyi, kati rataye a wuya. Da hawan jini ya kama Umma muka raba hidima: ni cefane da haya da wuta da kai ta ganin likita, shi magani. Ya shirya da wani kemis, duk wata banki ya cire kuɗi daga asusunsa ya tura, mai kemis ya aika mata ƙwayoyin har ɗakinta. Tsarin ya yi kyau, ba zan hana shi yabonsa ba.

Sai ga shi wata rana da sabuwar masoyiya a waya. Manhaja ce ta lissafin kuɗi. Ka haɗa ta da bankinka, duk abin da ka kashe ta gani, ta jefa shi inda ya dace, wannan abinci, wannan man mota, wannan sutura, ta zana maka da'ira kala-kala. Ka wuce iyakar da ka sa wa kanka, ta yi ja ta yi ƙara. Kuma tana magana, da muryar mace mai laushi, Hausa tsaf amma ba gishiri, irin ta wadda ba ta taɓa cacar baki da maƙwabciya ba. Ya kunna wa Umma, Umma ta ce, "Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta raba ɗana da almubazzaranci." Ni dai na raɗa mata Uwar Tsumulmula, kuma sunan ya bi ta.

To Uwar Tsumulmula ta tashi wata rana ta jero masa duk kuɗin da ke fita da kansu wata-wata: tashoshin ƙwallo, gidan motsa jiki da bai taɓa leƙawa ba tun ranar da ya yi rajista, wata jarida da ba ya buɗewa, sai na kemis a can ƙasa. Na kemis ɗin shi da yatsansa ya ba shi suna a cikin manhajar, ya rubuta Umma. Ta tambaye shi ko a dakatar da su. A ƙarshe akwai maɓalli kore, "Na amince da duka." Auta kuwa tun yana firamare bai taɓa karanta abu har ƙarshe ba. Ni na riƙa zama da shi kan aikin gida, na sani, layi biyu yake gani ya ce ya gane. Ya danna.

Magani bai zo ba. Umma ta kira shi, yana cikin taro, ya ce, "Umma, Yaya za ta kawo miki," da niyyar ya kira ni, ya kashe waya ya manta. A lokacin kuwa ni da Umma muna 'yar tsama, don na matsa ta bar ɗakin haya ta dawo gidana, ta ƙi, har muka ɗaga wa juna murya. Umma irin matan nan ne da gara su faɗi da su roƙi 'yar cikinsu. Ina zuwa da cefane, tana karɓa tana kallon hannuna ko zan ciro wata leda, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ta riƙa raba ragowar ƙwayoyin gida biyu, har suka ƙare, ta ci gaba da jira. Maƙwabciyarta ce ta tsince ta da safe a ƙasa, butar shayi tana tafasa a kan wuta.

Ina asibiti likita ya tambaye ni yaushe rabonta da magani, na ce ai kullum tana sha. Ya yi mini wani kallo. Daga nan na wuce kemis raina a ɓace, na shirya zazzage wa mutumin kwandon masifa.

"Hajiya, ai an soke odar nan tun tuni," in ji shi, ya juyo mini da kwamfuta. "Daga banki aka tsayar. Na kira lambar da ke jiki har na gaji, ba a ɗauka."

Na dawo na tare Auta a barandar asibiti, kusa da inda ake ajiye kekunan marasa lafiya. Ya ciro waya yana latsawa, ina kallo fuskarsa ta canza, zufa ta keto masa. A nan ya ba ni labarin maɓalli kore.

"Wallahi Yaya ba ni ba ne. Manhajar ce."

"Manhajar ce ta sha nonon Umma?"

"Don girman Allah kada ki faɗa mata yanzu. Kin ji likita, ba a so hankalinta ya tashi. Ta ji sauƙi, ni da bakina zan gaya mata. Na rantse."

Ƙanina ne, ni na goya shi. Na ce to.

Aka sallame ta, na kawo ta gidana, na kwashe kayan ɗakin baƙi na sa mata gado. Auta ya ji kunyar komawa kemis ɗin farko, sai ya koma sayen magani da tsabar kuɗi a wani wuri, ya riƙa kawo shi da hannunsa a cikin farar leda, ya ajiye a kan cinyar Umma don ta gani. Maganarta ta fara dawowa, kalma ɗaya, kalma biyu, a karkace. Ina jiran Auta ya buɗe baki, shiru. Wata rana ina goge mata wuya ta dube ni ta ce, "Ke... kin hana." Tawul ya faɗi daga hannuna. Na zauna na zayyana mata komai, tiryan-tiryan, ta saurara har na gama, sannan ta tattara duk ƙarfin bakinta ta ce, "Hassada."

Da ya zo ƙarshen mako na tsare shi a gabanta. Na ce, "Auta, ga Umma ga ka. Faɗa mata."

Ya dube ni, ya dubi ƙasa, ya kama hannunta ya ce, "Umma, ki bar tuna maganar nan, za ta ƙara miki ciwo. Abin da ya wuce ya wuce. Ki yafe wa Yaya."

Ki yafe wa Yaya! Wallahi na ji kamar an watsa mini tafasasshen ruwa a baya. Ban zage shi ba, ban jefe shi da kofin da ke hannuna ba, ko da yake hannun ya so. Na yi ƙwafa kawai, na raka shi har bakin ƙofa, har da "ka gaida gida." A raina na ci alwashin sai Umma ta ji gaskiya daga bakin da ba za ta ce yana hassada ba, kuma sai ta ji a gabansa.

Baban yara, wato maigidana, ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar wa Allah, amma zan taya da hannu. Ya girgiza kai ya ci gaba da gyaran rediyonsa.

Washegari a shago na sauke Uwar Tsumulmula a wayata. Na haɗa ta da asusuna, na zauna ina koyon halinta kamar yadda ake koyon halin sabon keke, inda yake cin zare da inda yake tsalle. Kai, ta ishe ni! In sayi bandir ɗin yadi, ta ce na wuce iyakar sutura. In sayi zobba da ƙarfen rataye labule, ta jefa su a kayan ƙawa, ta ba ni shawarar in rage son ado. Ni da rabona da sabon ɗankunne har na manta! Ina tsaye kan tsani a falon wata mata ina auna taga, sai ta yi ƙara a aljihuna wai kuɗin mota ya yi yawa wannan makon. Na yi tsaki na ce, "Ki zo ki goya ni mana." Matar gidan ta ɗauka da ita nake.

Amma na gano abin da nake nema. Ina da wani kuɗin talla da ke fita duk wata, na wani shafi da bai taɓa kawo mini ko mai son labulen banɗaki ba. Na canza masa suna a cikin manhajar, na rubuta Baban yara, sannan na dakatar da shi. Ƙarshen wata muna shan shayi na kunna rahoton. Muryar nan mai laushi ta ce, "Barka! Kin rabu da Baban yara, kin samu rara. Ci gaba da haka!" Har da tafi.

Baban yara ya ajiye kofi. "Wa aka rabu da shi?"

Na yi dariya har na ƙware, ya riƙa bubbuga mini baya yana tambayar ko lafiyata ƙalau. Ban taɓa jin daɗin muryar mace kamar ranar ba. Sunan da ka rubuta shi take kira, ba ta sakaya shi, ba ta jin nauyin kowa.

Saura yadda za a yi ta kira na Umma. Rahoton watan da Auta ya danna ya riga ya wuce, kuma na tabbata bai saurara ba. Amma a wata kusurwa ta manhajar akwai wani ɗan akwati a kulle, an rubuta "Labarin shekararki." Sai mutum ya cika shekara da ita yake buɗewa, ta karanto masa manyan nasarorinsa. Na yi tunani: maganin Umma ya fi ƙwallo da motsa jiki tsada nesa ba kusa ba. Kuma tunda yanzu da tsabar kuɗi yake saya, a wurin Uwar Tsumulmula har gobe Auta bai koma wa Umma ba.

Sai na zama ɗaliba. Na kira shi, na kwantar da murya, na ce, "Auta, na sa abin nan naka amma kaina ya ƙulle. Ka san mu na da ne. Zo ka koya mini." Ya zo shago da sauri, don tun ranar "ki yafe wa Yaya" yake tafiya a gabana kamar mai taka ƙwai, yanzu ya ga alamar sulhu. Ya zauna a kan bandir ɗin yadin mutane, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana yi mini lacca. Wai matsalarmu ba ma tsari. Wai da ina bin shawararta da yanzu na buɗe shago na biyu. Ina ninke bakin labule ina soka allura, ina "Allah ko? Ikon Allah! Kai dai Allah ya ba ka kai." Duk allurar da na soka, da sunansa na soka ta.

"To idan mutum ya yi kuskure ya share wani abu fa?" na tambaye shi, ban ɗaga ido ba.

"Ba ta mantuwa, Yaya. Komai yana nan a ajiye." Ko a jikinsa. Ya nuna mini taurarin da ta ba shi, ya ce wata mai zuwa zai cika shekara.

"Kai, madalla! Ranar ka zo ka kunna wa Umma. Ka san yadda take son yarinyar nan. Ta daɗe ba ta yi dariya ba."

Ya ce ai kuwa na kawo shawara.

Jiran nan ya ci ni. Kullum ina fargabar ya buɗe akwatin shi kaɗai a mota ya ji abin da ke ciki, ko ya canza waya, ko Allah ya shirye shi ya faɗi gaskiya da kansa ya ɓata mini shiri. E, har wannan na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Ban so ya tuba ba, so nake a kama shi. A tsakanin nan ina ci gaba da kawo cokali ana juya mini fuska, ina ci gaba da wankin zanen gado da hannu saboda injin ya lalace, shi kuma yana ci gaba da zuwa da farar ledarsa ana shafa masa kai. Na je kasuwa na sayo 'yar lasifika mai kama waya ba tare da igiya ba, na zaɓi wadda ta fi ƙara. Kafin in fito daga shagon Uwar Tsumulmula ta yi ja, wai wannan ba ya cikin abubuwan buƙata. Na ce, "Ke dai yi shiru, taki ce."

Ranar ta zo. Da safe na ba Umma maganinta, na tsaya sai da ta haɗiye, na ɗaura mata abin awon jini na ga ya zauna daidai, don ba kashe ta nake so in yi ba. Na yi mata wanka, na shafa mata mai, na jingina ta da filo uku. Na zuge labule haske ya cika ɗakin. Baban yara ya leƙo ya ga lasifika a kan teburin gefen gado, ya dube ni, ya ɗauki hularsa ya ce yana da uzuri a waje.

Auta ya iso da hantsi, cikin sabuwar riga.

"Ka saurara?" na tambaye shi tun a tsakar gida.

"Na ji farkonsa a hanya. Yaya, sai yabona take!"

Na gode wa Allah da bai canza wa ɗan'uwana hali ba.

Ya gaida Umma, aka shafa kai, aka ajiye farar leda. Na ce kunnen Umma ya yi nauyi, a haɗa da lasifika. Ya haɗa. Na ce, "Kawo in riƙe maka wayar, kai ka zauna kusa da ita ka riƙa yi mata bayani." Ya miƙo mini, a buɗe. Na zagaya ɗaya gefen gadon, ta wajen bango, na danna.

Aka fara da ɗan kiɗa. "Barka da cika shekara! A bana ka rage cin abinci a waje. Ka rage kuɗin man mota. Kai gwani ne!" Umma ta murmusa da rabin bakinta, ta ce, "'Yar albarka." Auta yana gyaɗa kai, yana gyara wuyan riga.

"Ga manyan nasarorinka. Ta uku, ka rabu da gidan motsa jiki."

"Ka ji ko," na ce, "ga shi tumbi ya shaida." Ya yi dariya.

"Ta biyu, ka rabu da tashoshin ƙwallo."

A nan dariyar ta tsaya masa a wuya. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, idanunsa suka yi tsuru-tsuru. Ya miƙe. "Yaya, kawo wayar. Sauran ba komai, talla ce." Ya miƙo hannu ta saman gadon, na ja da baya na manne da bango. Sai dai ya tsallake uwarsa, kuma bai isa ba.

"Nasararka mafi girma a bana, ka rabu da Umma! Tun da ka dakatar da kuɗin da kake tura wa kemis da sunan Umma, ka samu rarar da ta fi kowace." Ta faɗi watan. "Ci gaba da haka!"

Tafi ya cika ɗakin, raf-raf-raf, lasifikar nan ta biya kuɗinta. Sannan muryar ta ƙara da cewa, "Kana so ka raba wannan farin ciki da 'yan'uwa da abokai?"

Hannun Umma yana nan a sama inda kan Auta yake ɗazu, ta sauke shi a hankali ta ɗora kan bargo.

"Umma, kuskure ne," in ji Auta. "Na'ura ce, ba ta san me take faɗa ba, ai kin san waɗannan abubuwan..."

"Sake," in ji Umma. Ba shi take kallo ba, ni take kallo, karo na farko tun da na kawo ta gidan nan.

Na sake. Na ja da yatsa na dawo daidai wurin, na ƙara murya. "Ka rabu da Umma!" Da ta zo kan watan, Umma ta lumshe ido tana motsa leɓe. Ta san watan, ita ta zauna a cikinsa tana raba ƙwaya da wuƙa. Tafi ya sake tashi, na bar shi ya ƙare da kansa, ban rage ko ɗaya ba.

Auta ya zube ƙasa, wannan karon bai damu da roba ba. Ya kama ƙafarta yana kuka, yana faɗin komai a hargitse, maɓalli kore da taro da mantuwa da tsoro. Ni ina tsaye ina jira ta tsine masa, ko ta tofa masa miyau, ko ta ɗaga hannun nan ta kwaɗa masa mari. Na shirya wa wannan, na yi watanni ina hango shi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta janye ƙafarta mai motsi, ta ce mini, "Kwantar da ni." Na zare filo, na kwantar da ita, na ja mata bargo. Na ajiye masa wayarsa a ƙasa kusa da gwiwarsa.

A tsakar gida ya juyo, ido jawur. "Kin ji daɗi, Yaya?"

"Ƙwarai kuwa," na ce. "Ka yafe wa Yaya."

Kuma gaskiya na faɗa. Sanyin da na ji a ƙirjina ranar, ko ruwan randa bai kai shi ba. Na shiga kicin ina rera waƙa, na wanke tukwanen da suka riga suka wanku. Da na kawo abincin rana na auna jinin Umma, ya ɗan hau, bai kai na tsoro ba. Ta buɗe baki ta ci, ta cinye. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Na san uwata, gara ta haɗiye harshenta.

Baban yara ya dawo ya tarar da gidan tsit. "An yi?" ya ce. Na ce an yi. Ya zauna ya cire takalmi, ya ce, "To, Allah ya kyauta." Na ce amin, kuma na ƙara masa nama a miya.

Kwanakin da suka biyo baya Umma ba ta ambaci Auta ba. Ya kira, na kara mata wayar a kunne, ta saurara ba ta ce komai ba har ya gaji ya kashe. Ya turo saƙo cewa ya goge manhajar, kamar ita ce ta yi wa Umma laifin. Na lura dai Umma ta daina juya kai idan an taɓa ƙofar gida, kuma ta rage magana har da ni. Na ce a raina za ta huce, uwa ce, wata rana zan shigo in tarar ana shafa kai, kuma na shirya haɗiye wannan tunda dai ta riga ta ji.

Ƙarshen mako sai ga motarsa. Na leƙa ta taga na gan shi yana fito da kaya niƙi-niƙi, lemo da madara da sabon bargo da farar leda. Na shiga wurin Umma na ce, "Ga Auta nan."

Ta dubi ƙofa, ta dubi jikinta. Rigar barci ce a jikinta, kanta ba ɗankwali, kamar yadda take zama kullum a gabanmu tun da ta kwanta.

"Mayafi," ta ce.

"Umma, Auta ne fa."

"Mayafi. Baƙo... ya zo."

Na buɗe akwati na ciro mayafinta na fita unguwa, na yafa mata, ta kama bakinsa da hannunta mai lafiya ta ja har goshi, ta rufe wuya. Auta ya yi sallama ya shigo, ya tsaya cak da kayansa.

"Sannunku da zuwa," in ji Umma. Kalmomin suka fito sarai, ko tuntuɓe babu. Ta juyo gare ni. "A ba su ruwa."

"Umma," ya ce, "ni ne. Autanki ne."

"Ku zauna."

Ya dube ni kamar in cece shi. Na fita na ɗauko tire da kofin gilashin da ba ma taɓawa sai an yi baƙi, na zuba ruwa na kawo, na ja masa kujerar da ke can bakin ƙofa. Ya zauna a gefenta da rabin jiki, kofin a hannunsa. Ya tambayi jikinta, ta ce da sauƙi, ta tambaye shi ya aiki, ya iyali, ya hanya, ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi, idonta a kan bargo. Hawayensa yana zuba a cikin ruwan, bai sha ba. Can sai ya taso ya ajiye farar ledar a kan cinyarta, ya sunkuyar da kansa kusa da hannunta, ya jira.

Umma ta ture ledar gefe da bayan hannu, ta gyara mayafinta.

"Mun gode," ta ce. "Ku gaida gida."